Ɗaukaka Ƙarar 'Yan Masaƙa

Ku gyara zama, yau shari'a na kawo muku, kuma ku ne alƙalan. A filin wasan kurket ta taso, amma wanda bai taɓa kallon wasan ba ma yana da bakin magana a cikinta.

A unguwar Kakuri ta Kaduna akwai wani dattijo da ake kira Baba Barau. Shekara talatin da ɗaya ya yi a sashen rini na wata masaƙa kafin a rufe ta. A can ya koyi kurket wurin Indiyawan da ke gyaran injuna, waɗanda kan kafa turakunsu a bayan ma'aikata ran Lahadi. Da masaƙa ta mutu Indiyawan suka tafi, sai Barau ya tara 'ya'yan tsofaffin ma'aikata yana koya musu, har abin ya zama ƙungiya mai suna 'Yan Masaƙa. Da ciwon gwiwa ya hana shi shiga fili ya koma shugaban magoya baya. Dokokin wasan kuwa duk a kansa suke, ko alƙalai kan tambaye shi.

Ga yadda wasan yake a taƙaice. Mutum sha ɗaya ne a kowane ɓangare, waɗannan na jifa, waɗancan na bugu. Mai bugu yana tsayawa da sanda a gaban turaku uku, abokinsa na jira a ɗaya ƙarshen. In ya doki ƙwallo sai su ruga su yi musanyar wuri, kowace musanya maki ɗaya, in kuwa ƙwallon ta haye igiyar iyaka maki huɗu ke nan. Yana fita in ƙwallo ta doki turaku, ko aka cafe ta a sama bayan ta taɓa sandarsa, ko ya tare ta da ƙafa alhali turaku ta nufa. Jifa shida shi ne zubi ɗaya, kowane ɓangare na da zubi hamsin, a gama komai a yini guda. In mutum goma suka fita, an gama da ɓangaren.

A shekarar da nake ba ku labari, 'Yan Masaƙa suka kai wasan ƙarshe na kofin ƙungiyoyi, abin da ba su taɓa yi ba. Abokan karawarsu Taurarin Teku ne daga Legas, waɗanda kofin ya shekara huɗu a hannunsu. A Kaduna aka sa wasan, ranar Asabar, kuma masu shirya gasar suka zo da sabon abu. An kewaye fili da kyamarori, an kafa ƙaton allo, an ajiye alƙali na uku a wani ɗaki yana kallon komai. In alƙalin fili ya ɗaga yatsa ya ce mai bugu ya fita, shi kuma bai yarda ba, yana da daƙiƙa goma sha biyar ya gicciya hannu a kan sandarsa, a mayar da hoto a duba. Mutanen Kakuri suka sa wa abin suna ɗaukaka ƙara. Sau biyu kawai aka ba kowane ɓangare. Wanda ya ɗaukaka ya yi gaskiya, damarsa na nan. Wanda ya faɗi, guda ta tafi.

Tun kafin a yi jifan farko aka fara gardama a rumfar magoya baya. A daman Barau akwai Sajan Ishaku, tsohon soja, wanda ke ganin abin raini ne ga alƙali, a wurinsa in babba ya yanke hukunci an wuce wurin. A hagunsa akwai Hajiya Tabawa, mai sayar da abinci a bakin tsohuwar masaƙa, wadda ta ciyar da rabin 'yan wasan nan tun suna ƙanana. Ita cewa take yi ta ga alƙalai sun cuci yaranta ba sau ɗaya ba, don haka duk yatsan da aka ɗaga a kai shi gaban na'ura. Barau bai goyi bayan kowa ba. Ya dai ce musu dama biyu ba ta da yawa, su bari a gani.

Taurari suka fara bugu suka tara maki ɗari biyu da arba'in da ɗaya. Ana cikin haka Bitrus, wani mai walda da ke cikin masu jifan 'Yan Masaƙa, ya sa hannu zai tare ƙwallon da aka maido masa da ƙarfi, ta karya masa yatsan dama. Aka fita da shi aka ɗaure hannun. Likita ya ce ya gama wasa na yau.

Bayan azahar 'Yan Masaƙa suka karɓi bugu. A zubi na uku alƙali ya fitar da kyaftin ɗinsu, wai ya tare ƙwallo da ƙafa. Hajiya Tabawa ta miƙe tana kiran ya ɗaukaka, rumfa ta ɗauka, shi ma ya biye musu. Allo ya nuna ƙwallon ta nufi turken tsakiya, ba ko tantama. Dama ɗaya ta tafi a banza. Sajan ya dubi Hajiya, ita kuma ta ce na'urar ma ai mutum ne ya haɗa ta.

Daga nan Lurwanu ya shiga. Malamin firamare ne, siririn mutum marar yawan magana, kuma ranar hannunsa ya faɗa. Ya doka dama, ya doka hagu, masu jifan Legas suka rasa inda za su sa masa ƙwallo. Yana ta tarawa har ya kai maki casa'in da shida. A tarihin ƙungiyar ba wanda ya taɓa cin ɗari shi kaɗai, ga shi kuma ana nuna wasan a talabijin, ɗalibansa da mahaifiyarsa duk suna kallo. Bugu ɗaya mai kyau ya rage masa.

Sai wata ƙwallo ta karkato ta same shi a ƙwauri. 'Yan Legas suka yi ca, alƙali ya ɗaga yatsa.

Rumfar Kakuri ta tashi tsaye gaba ɗaya. Kowa na gicciya hannu yana nuna masa, masu ganga sun daina kiɗa suna kiran sunansa. Abokin bugunsa ya zo ya ce masa ya gwada mana, wa ya sani. Har kyaftin daga bakin fili yana yi masa alama. Barau, wanda ya koya wa Lurwanu riƙon sanda tun yana ɗan shekara tara, ya ji shi ma hannunsa na son ɗaguwa, ya danne shi a kan gwiwa. Lurwanu ya dubi inda ƙafarsa take, ya waiwaya ya dubi turaku, sannan ya sa sanda a hammata ya kama hanyar fita, lokaci bai ma cika ba.

An zage shi, ba zan ɓoye muku ba. Hajiya Tabawa ta ce wannan wace irin kunya ce a ranar da ba a kunya, wani daga baya ya ce tsoron alƙali ne ya kama shi. Ba a jima ba masu talabijin suka nuna hoton a allo don 'yan kallo, aka ga da ƙwallon ta wuce ƙafarsa, turken gefe za ta tuge. Alƙali ya yi daidai. Da Lurwanu ya ɗaukaka, da ya fita duk da haka, kuma da damar ƙarshe ta bi shi. Masu zagi suka koma suka zauna. Da ya zo wucewa ta gabansu Barau ya tambaye shi me ya hana shi.

"Baba, na san ta same ni a gaban turaku," in ji Lurwanu. "Akwai mutum biyar a bayana, wani zai fi ni bukatarta."

Fitarsa kuwa ta zama kamar an cire wa ɗaki ginshiƙi. Waɗanda suka biyo baya suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum ɗaya ne ya tsaya, Kailani, mai gyaran waya a kasuwa, wanda shi ne mai tsaron bayan turaku in ƙungiyar na jifa. Ba gwanin bugu ba ne, amma yana da ido, kuma yana da naci. Yana lallaɓawa da maki ɗaya, maki biyu, har mutum na tara ya fita ana saura zubi biyu. Ba wanda ya rage sai mai karyayyen yatsa.

'Yan Legas sun fara tafawa da juna, suna zaton an gama, sai ga Bitrus ya fito daga ɗakin 'yan wasa. An tsaga safar hannunsa ta dama don ɗaurin ya shiga. Likita na biye da shi yana magana, bai ko juya ba. Barau ya san abin da mutumin nan ya sa a kasada, domin da hannun nan yake riƙe abin walda, da shi yake ciyar da mata da 'ya'ya uku. Sajan Ishaku ya miƙe ya ƙame ya sara masa.

Aka shiga zubin ƙarshe ana neman maki tara, Kailani ke bugu. Jifan farko ya kai ta igiya, huɗu. Na biyu ya kuskure. Na uku suka ruga sau biyu. Na huɗu ya tura ta gefe yana son su sake yin biyu ya dawo wurinsa, amma ɗan Legas ya riga su, dole suka tsaya a ɗaya. Saura maki biyu, saura jifa biyu, kuma Bitrus ne ke fuskantar mai jifan da ya fi kowa ƙarfi a gasar.

Mai jifan ya san inda ciwon yake. Ya buga ƙwallon da ƙasa ta taso wa Bitrus daidai fuska. Bitrus ya kauce, aka ji ɗan ƙaras, mai tsaron baya ya cafe. Yatsan alƙali ya tashi. Taurari suka ruga suka rungume juna, magoya bayansu suka fara tsallako shinge. Bitrus ya ji ƙwallon a safarsa, kuma duk ɗan kurket ya san a doka safar hannu daidai take da sanda. Ya sunkuyar da kai ya juya zai fita.

A kan allo daƙiƙoƙi na raguwa. Kailani ya yar da sandarsa ya sheƙo daga ɗaya ƙarshen, da kayan kariya a ƙafa, yana ratsa 'yan Legas masu murna. Ya sha gaban Bitrus ya ce masa ya ɗaukaka. Bitrus ya ce ba amfani, ta taɓa shi, ya ji ta, ba zai yi ƙarya a gaban jama'a ba.

"Ta taɓa ka, na gani," in ji Kailani. "Amma ka saki sanda kafin ta iso. Hannun ba ya kan sanda. Ɗaga, don Allah, lokaci zai ƙare."

Saura daƙiƙa biyu Bitrus ya gicciya ɗaurarren hannunsa a kan sanda.

Aka kori waɗanda suka shigo fili, kowa ya zuba wa allo ido. Hoton farko ya nuna ƙwallon tana goge safar a fili, har ana ganin yatsun safar sun motsa. 'Yan Legas suka sake ɓarkewa da ihu. Sajan Ishaku ya ce shi ke nan, an ƙara mana kunya a kan kunya, ai ga ta nan ta taɓa. Hajiya Tabawa ta ja mayafi ta rufe fuska. Wasu matasa a baya suka fara cewa Kailani ya yi haka ne don ya ɓoye laifinsa na barin gurgun hannu a gaban ƙwallo. Barau kuwa ya miƙe, ya manta da gwiwa, ya ce kowa ya yi shiru ya dubi hannun, ya bar kallon ƙwallon. Ya bayyana musu cewa doka ta ce safa tana zama sanda ne in hannun na riƙe da sandar. In ya saki, ko ƙwallo ta dake shi ba fita. Sajan ya ce shi bai taɓa jin wannan ba. Barau ya ce shi ma sau ɗaya ya taɓa ganin ta faru, a bayan masaƙa, kuma sai da Indiyawa biyu suka yi mako ba sa gaisawa a kanta.

Alƙali na uku ya sa aka juyo hoton ta wani gefen, ana tafiya da shi a hankali. Aka ga zafi ya sa Bitrus ya fizge hannun dama daga sanda. Aka ga tazara tsakanin safar da mariƙin, ba ta fi faɗin yatsa biyu ba. Sannan ƙwallon ta iso. Aka maimaita sau huɗu. Alƙalin fili ya taɓa abin da ke kunnensa, ya ɗora hannuwa a kafaɗunsa alamar ya janye hukunci, ya ce bai fita ba.

Abin da rumfar Kakuri ta yi a lokacin, waɗanda ke gadar kogi ma sun ce sun ji. Amma Barau bai yi murna ba tukuna, domin har yanzu ana neman maki biyu, kuma jifa ɗaya tak ya rage.

Kyaftin ɗin Legas ya jawo mutanensa kusa don su hana gudu. Kailani ya je ya yi wa Bitrus magana a kunne ya koma. Bitrus ya damƙe mariƙin da hannu biyu, da lafiyayyen da karyayyen, ana ganin yana cije leɓe. Mai jifa ya taho da gudu ya auna gindin turaku. Bitrus ya kai mata duka da iya ƙarfinsa. Sandar ta kuɓuce masa ta yi sama, ƙwallon kuwa ta bi ƙasa ta ratsa tsakanin mutum biyu, ba kowa a bayansu. Wani ya bi ta da gudu ya yi tsalle ya faɗi, ta riga shi haye igiya.

Ba a iya tare kowa ba. Hajiya Tabawa ta shiga fili ba takalmi tana guɗa, Sajan Ishaku ya ɗauki Barau cak kamar yaro, shi kuwa dattijon hawaye kawai yake yi yana kiran sunayen abokan aikinsa na masaƙa da ba su ga wannan rana ba. Aka miƙa kofi, aka ɗora 'yan wasa a buɗaɗɗiyar mota, jerin babura da Keke Napep ya bi su tun daga tsakiyar gari har Kakuri. Mata suka fito ƙofar gida, masu shaguna suka riƙa miƙo lemo da ruwa kyauta. Bitrus ne kawai ba ya cikin motar, an wuce da shi asibiti a ɗauki hoton hannun.

A bakin tsohuwar masaƙa jerin ya tsaya, kafin magariba. Nan wani attajirin unguwar, Alhaji Sidi mai sayar da babura, ya sa aka gunguro sabon babur ko ledarsa ba a cire ba. Ya ce shi bai san kan wasan nan ba, amma ya san an ɗaga sunan Kakuri. Ya damƙa makullin a hannun Barau.

"Baba, kai ka san abin," in ji shi. "Ka ba wanda ya ciwo mana kofin nan. Mutum ɗaya nake nufi, kada a sayar a raba."

Nan take gardama ta dawo sabuwa. Sajan Ishaku ya ce Lurwanu ne, ba ma sai an tsaya dogon zance ba. Shi ya tara kusan rabin makin, kuma shi ya bar ɗarinsa ta wuce alhali dubban mutane na tunzura shi. Da ya saurari rumfa, da lokacin da aka ɗaga wa Bitrus yatsa ba ƙarar da za a ɗaukaka, da yanzu kofin na hanyar Legas. Wasu suka ce masa ai Lurwanu fita ya yi da gaskiya, wanda ya fita ya tafi ba gwaninta ya yi ba, kuma fitarsa ce ta jefa ƙungiya cikin rami.

Matasan kasuwa suka ce Kailani ne. Damar da Lurwanu ya adana, in ji su, da ta mutu a aljihu ba wanda ya taɓa ta, domin mai ita ya riga ya juya baya. A filin nan kaf, da alƙali da 'yan wasa da 'yan kallo, mutum ɗaya ne ya ga hannun ya bar sanda, kuma ya san abin da doka ta ce a kai, kuma ya yi gudun da ya kai shi a kan lokaci. Aka mayar musu da cewa ai shi ne ya karɓi maki ɗayan da ya bar mai rauni a bakin wuta, gyara ɓarnarsa kawai ya yi.

Hajiya Tabawa ta bari suka gama, sannan ta ce duk surutu ne. Adana dama ba ya ƙara maki, ganin hannu ba ya ƙara maki. Bayan an gama duk wannan ana nan ana neman biyu, kuma wanda likita ya hana fitowa shi ya fito ya kawo huɗu da karyayyen yatsa, ga shi can a asibiti ba a san yaushe zai koma walda ba. Da ya zauna a ɗaki ba wanda zai zarge shi, kuma da wasan ya ƙare tun fitar mutum na tara. Sajan ya tuna mata cewa wannan jarumin nata ya kama hanyar fita da ƙafarsa sai da aka tare shi.

Barau ya sa aka kira su biyun da ke wurin. Lurwanu ya ce duk abin da Baba ya yanke ya yi masa. Kailani bai yi kara ba, ya yi dariya ya ce shi dai yana so, kullum mota biyu yake hawa zuwa kasuwa, amma ba zai ce ya fi su ba. Aka kira Bitrus a waya, matarsa ta ɗauka ta ce an yi masa allura yana barci, sai dai kafin ya kwanta ya tambaya ko da gaske ƙwallon ta kai igiya, don shi bai gani ba.

Aka kira salla, taro ya watse ba a yanke ba. Washegari aka sake zama a rumfar Hajiya, aka tashi kamar jiya. Barau ya san su ukun tun suna yara, ya san gidajensu, kuma duk sanda ya tsayar da zuciyarsa a kan ɗaya sai ya tuna da abin da ɗayan ya yi. Babur na nan a zauren gidansa, makulli na aljihunsa, Alhaji Sidi kuma ya aiko sau biyu yana tambaya.

To, ga ku ga Baba Barau. Da wanda ya haƙura da ɗarinsa ya adana ƙarar, da wanda ya ga abin da ba wanda ya gani ya sa aka ɗaukaka ta, da wanda ya fito da karyayyen hannu ya yi bugun ƙarshe, wa za ku ce ya miƙa wa makullin?